Jirgin Ƙasan da Ya Iso Gombe a Makare

Yawancin matasan Gombe ba su taɓa shiga jirgin ƙasa ba, ko da yake kullum suna tsallaka layin dogon da ya ratsa garinsu. Mai zuwa Bauchi ko Jos motar Gombe Line yake nema. Mutane kan ɗora laifin mutuwar tashar jirgin a kan sakacin gwamnati, kuma da gaskiyarsu. Amma akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba: jirgin bai zo da wuri ba.

Tun 1911 jirgi ya shiga Kano. Ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Daga nan Turawa suka jingine diga da shebur, aka yi kusan shekara talatin ba a ja sabon layi ba, ƙasar Bauchi da Gombe da Borno kuwa sai jakuna da manyan motoci. Sai a 1958 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 28 domin aikin jan layi zuwa wannan yanki, kuma shi ne rancensa na farko ga Najeriya. An ɗauko layin daga Kuru, kusa da Jos, ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, sannan ya bi ta Bajoga da Buni Yadi ya tiƙe a Maiduguri a 1964. Tsawonsa kusan kilomita 640.

Auduga ce ta kira jirgin. A lokacin Gombe sabon gari ne, don sai a 1919 aka dawo da fadar masarautar nan daga Nafada. Ƙasar ta karɓi auduga, har kamfanin Turawa na BCGA ya kafa injin gurza a 1956, sunan da har gobe ake kiran unguwar da shi. Da kaka ta yi, sai a ga 'yan dako suna mirgina dilolin auduga cikin tarago, ana loda buhunan gyaɗa da fatu, shanu kuma an kora su nasu taragon. In jirgi ya juyo daga kudu ya sauke gishiri da kananzir da kwanon rufi. Ya sauke mutane ma: ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa, Yarabawa da Ibo, waɗanda da yawansu suka zauna suka hayayyafa. Cikar kasuwar Gombe da jirgin ta fara.

Daɗin bai jima ba. Layin Gombe reshe ne na layin gabas, wanda bakinsa yake tashar jiragen ruwa ta Fatakwal. Shekara uku kacal da kammala shi yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, hanyar kudu maso gabas ta toshe har 1970, dole kaya su zaga ta Kafancan da Kaduna su nufi Legas. Ana fita daga wannan sai ga farin farkon shekarun 1970, sai cutar da ta cinye gyaɗa a 1975. Kuɗin man fetur kuma ya shigo, gwamnati ta koma shimfiɗa kwalta, tirela ta ƙwace lodin. Kano ta ci moriyar jirgi fiye da shekara hamsin kafin wannan guguwa, Gombe ko goma cikakku ba ta samu ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne Ashaka. Masana'antar siminti ce da ta fara aiki a 1979, an ma ja mata reshen layi, amma simintin a bayan tirela yake fita, yana farfasa titin da aka yi da kuɗin jama'a. Siminti da hatsin kasuwar Tudun Hatsi da shanu, ai su ne kayan jirgi. A ganina duk mai son farfaɗo da tashar nan, ta kan kaya zai fara, fasinja ya biyo baya.

An gwada. A zamanin Shugaba Goodluck Jonathan an yi wa layin kwaskwarima, a 2015 jirgin fasinja ya sake tashi daga Gombe zuwa Kafancan da Kaduna, amma bai ɗore ba. Ɓangaren Maiduguri kuwa rikicin Boko Haram ya riga ya rufe shi. Ga kuma batun faɗin layi: tsakanin ƙarafan namu ƙafa 3 ne da inci 6, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa ƙafa 4 da inci 8 da rabi. Taragon Gombe ba zai iya hawa sabon layin ba.

A watan Maris na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da sake gina layin daga Fatakwal zuwa Maiduguri, kilomita 1,443, a kan kusan dala biliyan 3. A 2024 jirgi ya fara zirga-zirga tsakanin Fatakwal da Aba. Daga Aba zuwa Gombe akwai sauran fiye da kilomita 1,000.