Ba a fafe gora ranar tafiya: yadda uwargida za ta tsara ɗumkin shekara

Kowace shekara, da zarar goman ƙarshe na azumi ya kama, abu guda ake gani a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai. Teloli ba su kwana, masu yadi sun ƙara kuɗi, yara suna zarya tsakanin gida da rumfar tela ana ce musu su komo gobe. Gidajen da Allah ya hore wa keken ɗumki su ma ba su tsira ba. Uwargida ta yini da ƙishirwa, ta dama kunu, ta yi tuwo, sa'an nan ta zauna bisa keke har tsakad dare da tarin yadi gabanta, ga ƙaramin ɗanta tsaye yana tambaya ko an gama tasa rigar. Wani yaron zai tafi idi da tsohuwar taguwa, wata uwar kuma za ta fito daga salla da bashin da ba za ta biya ba sai kaka.

Yawancin wannan wahala daga rashin lissafi take fitowa. Manomi ya san watan da zai share gona, ya san na shuka da na girbi. Haka ya kamata mai ɗumkin gida ta san shekararta, ta raba aikinta bisa watanni tun ba a matsu ba.

Shekara biyu cikin gida ɗaya

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, gidan Bahaushe da lissafin shekara iri biyu yake aiki. Akwai shekarar rana, mai kwana 365, wadda damina da kaka da ɗari da bazara suke bi, da ita kuma ake buɗe lakkwal cikin watan Oktoba. Akwai kuma shekarar wata, mai kwana 354 ko 355, wadda azumi da salloli da Mauludi suke bi. Tun da ta biyun ta gaza ta farko da wajen kwana 11, salla tana matsowa gaba kowace shekara, ba ta komawa inda ta fito sai bayan shekara 33.

Ga misali. A 1980 sallar layya cikin Oktoba ta faɗo, tsakiyar kaka, rumbuna cike, kuɗin gyaɗa da wake suna hannu. Haka ta sake yi a 2013. Amma a 2025 ƙaramar salla ta zo ƙarshen Maris, babbar kuma farkon Yuni. Ta 2026 wajen 20 ga Maris, layya wajen 27 ga Mayu. Ta 2027 wajen 10 ga Maris, layya tsakiyar Mayu. Wato cikin waɗannan shekaru sallolin biyu suna faɗowa ne da bazara, sa'ad da hatsi ya fara tsada, zafi ya tsananta, maigida kuma hankalinsa yana ga iri da taki da ragon layya. Kuɗi yana shiga gida da kaka, bukatar tufa tana tasowa wata huɗu ko biyar bayan haka. Wadda ba ta ɗaure waɗannan lokuta biyu da igiya ɗaya ba, ita ce ke cin bashi.

Saboda haka tsarin ɗumki ba ya farawa daga Janairu. Daga ranar salla ake soma ƙidaya, a yi ta komawa baya har a iso ranar da ya kamata a sayi yadi.

A fara da buɗe akwati

Kafin a taka kasuwa, sai uwargida ta ware yini guda ta fito da tufafin gida duka, nata da na maigida da na ɗiya, ta kasa su kashi uku: masu kyau, masu son gyara, da waɗanda suka ƙare. Sau da yawa za a tarar da rigar da maɓalli kawai ta rasa, da wandon da zariya ta tsinke, da taguwar da ta yi wa babba kaɗan amma za ta zauna wa ƙanensa daidai. Gyara shi ne ɗumki mafi arha, shi ya kamata ya zama layi na farko cikin jerin aikin shekara. Zanen da ya ƙoɗe zai ba da fatari ko majanyi, ƙyallayen da suka rage kuma a haɗa su a yi rigar matashi.

Bayan wannan sai awo. A sami littafi ƙarami, irin na ƴan lakkwal, a ba kowane mutum na gida shafinsa: tsawon riga, kafaɗa, ƙirji, ƙugu, hannu, tsawon wando, da ranar da aka yi awon. Yaro ɗan shekarun lakkwal yana ƙara tsawo wajen santimita 5 ko 6 a shekara, don haka awon bara ba shi da amfani bana. A auna yara sau biyu a shekara. In za a yi musu ɗumki da wuri, a bar kalmasa mai faɗi a ƙafar wando da gindin riga, a bar sarari kaɗan a gefe, yadda za a warware a ƙara in yaro ya miƙe.

Daidai ruwa, daidai tsaki

Sa'an nan a rubuta abin da ake so a ɗumka, a jera shi bisa nauyinsa. Na wajibi su ne kayan salla, kayan lakkwal, rigunan sanyi na yara, da kayan jinjiri in ana jiran haihuwa. Na biye su ne labule, zanen gado da kayan zaman gida. Na ƙarshe su ne na marmari, irin sabon yayin da aka gani jikin wata a wurin buki ko cikin wayar salula.

A nan ne mata da yawa suke ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsu. Mai ɗiya biyar, in ta ba kowane yaro kaya biyu, ta ƙara nata biyu, kaya 12 ke nan, wato ɗaya kowane wata. Wannan abu ne mai yiwuwa ko ga mai goyo da girki da ɗaukar ruwa. Amma in ta rubuta 30, za ta kai rabin shekara da yankakken yadi cikin kwalla ba ta haɗa ba. Kowace ta duba agogo sau ɗaya, ta ga awa nawa riga guda take ci mata daga yanka zuwa guga, ta kuma ƙidaya awa nawa take samu a mako. Wannan lissafi ne zai faɗa mata gaskiyar abin da za ta iya.

Ta kuma san iyakar hannunta. Babbar rigar maigida mai aiki a wuya, da shadda mai tsada wadda kuskuren almakashi ɗaya zai lalata, waɗannan na tela ne. Sai dai a kai masa su tun cikin Rajab ko farkon Sha'aban, sa'ad da rumfarsa take da sarari, yana da lokacin da zai sake awo.

Yana da kyau kuma kowace shekara a sa burin koyon abu guda sabo, kamar sa zip, ko fidda aljihu, ko ɗora kwala, ko sa shafi. A gwada shi bisa tsohon ƙyalle tukuna. Abu ɗaya a shekara kamar kaɗan ne, amma bayan shekara biyar mace ta zama mai koya wa wasu.

Sayen yadi da tanadin kuɗi

Turmin atamfa yadi 6 ne, wajen mita biyar da rabi, zane uku ke nan. Babbar mace kan fidda riga da zane da kallabi daga ciki. Ƙananan yara mata biyu kan sami kaya daga turmi guda in an iya shimfiɗa yanka. Mai yanka da takarda, ko da takardar buhun siminti ce, ta fi mai yanka da ido tsimin yadi, domin tana jera takardun bisa yadin ta ga inda kowace za ta zauna kafin ta sa almakashi. Yadin auduga yana tsukewa a wankin farko, don haka a jiƙa shi a shanya a goge kafin a yanka. Shadda ce ba a yi wa haka, domin ruwa yana rage mata ƙyalli.

Lokacin saye shi ne kaka da farkon ɗari, sa'ad da kuɗi ke hannu, kasuwar yadi kuma ba ta yi zafi ba. Akwai wani dalili kuma. Galibin yadin da muke sawa daga waje yake zuwa: atamfar Holan ta kamfanin Vlisco, shaddar Getzner ta ƙasar Ostiriya, da masu sauƙin kuɗi na ƙasar Sin, da yawansu kuma ta kasuwar Kantin Kwari ta Kano suke biyowa kafin su iso Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram. Abin da ya taɓa kuɗi ko hanya yana taɓa farashinsu nan take. Manya suna tune da watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Wadda yadinta ke cikin akwati, irin wannan labari ba ya hana ta barci.

Game da kuɗi, sannu ba ta hana zuwa. Wadda take ajiye dala 100 kowane mako, cikin mako 40 ta tara jika 20. Matan ƙasar nan ba baƙi ba ne ga wannan dubara. Adashe tsohon abu ne gare su, kuma a jihar Maraɗi ne aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, tsarin da ƙasashe da yawa suka kwaikwaya daga baya. Mai shiga adashe don tufafi ta roƙi a ba ta kwasarta da kaka, kada ta bari sai azumi. Ta kuma ware wani abu don anko, domin bukukuwan aure suna yawa bayan girbi da gab da azumi, ga kuma zanen ranar matan Nijar ta 13 ga Mayu, wadda ake yi don tunawa da jerin gwanon da mata suka yi a Yamai a 1991. Ba kowane anko ba ne wajibi. A tsai da adadin da za a shiga tun farkon shekara, sauran a je da abin da ake da shi.

Rabon aiki bisa lokuta

Ga yadda aikin zai iya rabuwa cikin waɗannan shekaru da salla take faɗowa da bazara.

Da kaka, Oktoba da Nuwamba, a buɗe akwati, a yi awo, a sayi yadi da zare da maɓallai, a ɗumka rigunan sanyi kafin hunturu ya sauko.

Da ɗari, Disamba da Janairu, shi ne babban lokacin aiki. Ba zufa, jiki yana da ƙarfi, aikin gona ya ƙare. A nan za a yanka a ɗumka kayan ƙaramar salla. Burin shi ne ranar da aka ga watan azumi, ya zamana ba abin da ya rage sai guga da sa maɓalli.

Cikin azumi a rufe keke, ko a taƙaita ga ƙananan gyare-gyare da safe.

Tsakanin salla da salla wata biyu ne da kwana goma, lokaci gajere, ga zafi, ga yawan ɗaukewar lantarki a birane ga masu keken wuta. Kada a ɗora wa wannan tsakani aiki mai yawa. Kayan layya na yara kawai, in da hali. In babu, kayan ƙaramar salla da aka adana da kyau sun isa, ba abin kunya ba ne.

Da damina, ga matan karkara, gona ce gaba, sai maho da gyara a ranar da ruwa ya hana fita. Matan birni su yi labule da zanen gado. Daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba kuwa kayan lakkwal ne, a yi su da yadi mai ƙwari, a ninka ɗumki a gwiwa da aljihu da hammata, inda yara suka fi yagewa.

Kowace shekara a ja wannan tsari baya da kwana 11. Nan da ƴan shekaru azumi zai shiga tsakiyar ɗari, sa'an nan kuma ɗumkin salla zai koma cikin kaka, sayen yadi kuma tun ƙarshen damina.

Haƙƙin keke

Keken ƙafa, ko Singer ne da aka gada wurin uwa, ko Butterfly na ƙasar Sin, yana iya yin shekaru masu yawa in an kula da shi. Maƙiyinsa ƙurar hunturu ce, wadda ke haɗuwa da mai ta zama laka cikin haƙoransa. A rufe shi da zane bayan kowane aiki, a share gurbin ƙoshiya, a ɗiga masa man keke na ainihi. Man gyaɗa yana daskarewa ya riƙe ƙarfe. Allura lamba 14 ta dace da atamfa, 16 ga yadi mai kauri irin kaki, 11 ga mai laushi. Allurar da ta dakushe tana tsallake ɗumki tana jan zaren yadi, a canza ta. Sau ɗaya a shekara a kai keke wurin mai gyara, kuma a kai shi da kaka, domin keken da ya tsaya daren 27 ga azumi ba shi da mai duba shi.

Kira ga magidanta

Wannan magana ba ta mata kaɗai ba ce. Tufatar da iyali nauyin maigida ne, matar da take ɗumka wa ɗiyansa da hannunta sauƙi take yi masa. Abin da ya kamace shi shi ne ya ba da kuɗin yadi sa'ad da ya sayar da amfanin gona ko ya karɓi albashin watannin ɗari, maimakon ya shigo da ƙunshin yadi saura kwana uku salla ya ce a yi sauri. Ƴan mata kuma a zaunar da su kusa da keke, su fara da kalmasa da sa maɓalli, domin sana'ar da aka koya a ɗakin uwa ba ta ɓacewa.

A ƙarshen shekara uwargida ta buɗe littafinta, ta duba abin da ta rubuta da abin da ta gama, da kuɗin da ya fita, da inda lokaci ya ƙure mata. Daga nan za ta fidda tsarin baɗi, wanda zai fi na bana daidai. Allah ya kai mu sallar da kowane yaro zai kwana da rigarsa ninke ƙarƙashin matashi, uwarsa kuma ta yi barci tun da fari.