Jinyar Abokin Zama Bayan Ritaya: Inda Natsuwa Take da Inda Take Ɓacewa

A tsarin aikin gwamnati a Najeriya, ma'aikaci yana ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Kafin ranar ta zo kusan kowa ya tsara abin da zai yi: wani gona, wani kiwon kaji, wani kuma ya ƙudura komawa gaban malamai ya sauke littattafan da ofis ya hana shi. Jinya ce kaɗai ba a cika sa ta a lissafi ba. Amma a Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato ana ƙara samun gidajen da ɗan fansho ne ke jinyar matarsa, ko 'yar fansho ke jinyar mijinta, dare da rana, shekara da shekaru. Wasu abin ya durƙusar da su. Wasu kuwa za su ce maka tun da suka yi aure ba su taɓa samun natsuwa irin ta wannan lokaci ba. Duka ɓangarorin biyu gaskiya suke faɗa. Abin da ya raba su kuwa, a ganina, ya fi alaƙa da taimakon da suke samu fiye da yawan haƙurinsu.

Dalili na farko na ƙaruwar irin waɗannan gidaje shi ne irin cututtukan da ke kwantar da manya yanzu. Hawan jini ya kama kusan mutum ɗaya cikin uku na manya a ƙasar nan, kuma da yawa ba su san suna da shi ba sai ranar da suka faɗi. Shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga da ke taɓa ido da ƙafa, ciwon ƙoda, da rikicewar tunani da muke kira gigin tsufa, duk ba cututtukan mako biyu ba ne. Magani yana tsawaita rai, amma sau da yawa ba ya dawo da ƙarfin jiki. Sai a sallami mara lafiya daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika da takardar magunguna da ranar dawowa, sauran aikin kuma ya koma gida.

Gidan kuma ya sauya. A gidan gandu na da, mara lafiya yana kwance ne a tsakiyar mutum ashirin ko talatin: matan 'ya'ya, jikoki, ƙanne, 'yan riƙo. Idan mace ce ta kwanta, ko dai ta tafi gidansu jinya, ko a turo mata ƙanwa ko gwaggo ta zauna da ita. Ma'aikacin da ya yi rayuwarsa a gidan haya ko kwatas, sannan ya gina nasa a bayan gari, ya tsufa ne a gida mai ƙofa ɗaya. 'Ya'ya maza suna Abuja ko Legas ko ƙasar waje, mata suna ɗakunan mazajensu da nasu ɗawainiyar. Iyayen matar sun rasu, 'yan'uwanta su ma tsufa ya kama su. 'Ya'yan suna turo kuɗi ta waya, Allah ya yi musu albarka, amma kuɗi ba ya ɗaga mutum daga gado ya kai shi makewayi da ƙarfe uku na dare. Wanda ya rage a gidan, kuma wanda ba shi da ofis ɗin zuwa da safe, shi ne mai ritaya.

Gwamnati ba ta cike wannan gurbi ba. Sashen kula da lafiyar tsofaffi na farko a ƙasar nan an buɗe shi ne a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 2012, kuma har yau irinsa kaɗan ne. An yi dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, ta fara aiki a 2021, amma tasirinta bai iso ɗakin mai jinya a Rijiyar Zaki ko Tudun Wada ba. Ko a asibiti ma, kowa ya san ɗan'uwa ne ke wanke mara lafiya, ya sayo magani, ya kwana a baranda. Kai tsoho gidan gajiyayyu kuwa abin kunya ne a wurinmu, kuma ban ga laifin wannan kunya ba.

Sai kuɗi, wanda shi ne ya fi komai ci wa masu jinya tuwo a ƙwarya. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita. Ga yawancin ma'aikata inshorar lafiya tana rataye ne da albashi, don haka takan yanke a daidai lokacin da jiki ya fara neman ta. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, amma tsakanin takarda da kantin magani akwai tafiya. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da sakin darajar naira, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabo, kamfanonin magani irin su GSK da Sanofi suka daina harkarsu kai-tsaye a ƙasar, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Fansho bai bi wannan gudu ba. A jihohi da dama mutum yakan yi shekaru yana jiran giratuti. Idan aka kira tantance 'yan fansho, mai jinya sai ya zaɓa: ya bar mara lafiya shi kaɗai ya je ya bi layi, ko a cire sunansa.

A leƙa irin wannan gida da asuba. Dattijon da ya yi ritaya yana darakta ya dawo daga masallaci, ya ɗora ruwan zafi, ya goge wa matarsa jiki da tsumma, ya canja mata famfas na manya, ya taimaka mata ta yi alwala ko taimama da hannun da ke motsi. Ya ɗaura mata na'urar awon jini a dantse, ya rubuta lambar a littafi, ya ba ta kunu da cokali a hankali don kada ta ƙware. Duk bayan awa biyu sai ya juya ta, domin an gaya masa kwanciya a gefe ɗaya na kawo gyambo a ƙugu da dunduniya. Ranar gashi zai nemo mai adaidaita sahu da zai yarda ya shigo har ƙofar gida, su ciccibe ta su biyu. Da yamma masu dubiya su zo: «Alhaji, ya mai jiki?» Ya ce, «Da sauƙi, alhamdu lillahi.» Su ce Allah ya ƙara sauƙi, ya ba da ladar jinya, su ajiye lemo da ayaba su tafi. Babu wanda ya tambaye shi yaushe rabonsa da barcin awa biyar a jere.

Wannan gajiya tana da farashi. A 1999 Richard Schulz da Scott Beach na Jami'ar Pittsburgh a Amurka sun wallafa binciken da ya bi tsofaffi na tsawon shekara huɗu, suka gano cewa masu jinyar abokin aure da ke jin nauyin ya yi musu yawa sun fi takwarorinsu da ba sa jinya haɗarin mutuwa da kashi 63 cikin ɗari. Amma binciken bai ga irin wannan ƙarin haɗari a fili ba ga masu jinyar da ba su ji an matse su ba. Bayan shekara goma, a 2009, Stephanie Brown da abokan aikinta a Jami'ar Michigan suka samu cewa tsofaffin da ke hidimar abokin aurensu awa 14 ko fiye a mako sun ma fi sauran tsawon rai. Amurka ba Najeriya ba ce, amma darasin ya shafe mu: hidimar kanta ba ta kashe mutum, matsi da kaɗaici ne ke yi masa illa. A wurinmu illar takan fito ta hanyar da aka saba gani. Mai jinya ya daina sayen nasa maganin hawan jinin don kuɗin ya isa na matarsa. Ya daina zuwa majalisa, ya daina ɗaurin aure da jana'iza, abokai su yi ta cigiya har su gaji. Bayansa ya riƙe saboda ɗagawa. Wata rana ya daka wa mara lafiya tsawa, sannan ya kwana yana jin ya yi zunubi.

To ina natsuwar take? Tana nan, kuma ba ƙarya ba ce. Babban ciwon ritaya ga mutane da yawa shi ne wayewar gari babu mai neman su: waya ta yi shiru, waɗanda ke rusunawa jiya sun koma wa sabon oga. Jinya tana mayar wa mutum da amfaninsa. Ranarsa tana da tsari, akwai wanda rayuwarsa ta rataya a kan zuwansa, kuma yana ganin sakamakon aikinsa da idonsa: yau ta riƙe cokali da kanta, bayan wata biyu ta taka daga gado zuwa ƙofa. Ma'auratan da aiki da renon yara da kunya irin tamu suka hana su zama su yi hira shekara talatin, yanzu suna sauraren rediyo tare, yana karanta mata Alƙur'ani, suna tuna waɗanda suka rasu. Maza da yawa a nan ne suke fara gane yawan aikin da matar ta yi musu shiru tsawon rayuwa, har su ɗauki jinyar a matsayin biyan bashi.

Addini ma yana ba wannan aiki daraja mai girma. Sayyidina Usmanu ɗan Affan bai halarci yaƙin Badar ba a shekara ta 2 bayan Hijira saboda yana jinyar matarsa Ruƙayya, 'yar Manzon Allah (SAW), kuma Annabi ya tabbatar masa da lada da kason wanda ya halarta. Wannan ya isa amsa ga masu yi wa namiji kallon mijin-ta-ce don an gan shi yana shanya zanen matarsa. Ina ganin wa'azi a kan wannan ya yi ƙaranci a masallatanmu, alhali shawarar da wasu ke saurin ba wa mai mata a kwance ita ce ya ƙaro aure. Ƙarin aure halal ne, amma yarinyar da aka kawo don ta zama mai jinyar uwargida ba tare da an gaya mata ba, an zalunce ta, kuma gidan ba ya zama lafiya.

Akwai kuma rashin adalcin da ya kamata a faɗa. Namijin da ke jinyar matarsa abin labari ne a unguwa, ana yaba masa. Matan da ke jinyar mazajensu sun fi yawa nesa ba kusa ba, domin a yawancin aurenmu miji ya girmi matarsa da shekaru masu yawa, kuma ba a ganin sun yi wani abin a-zo-a-gani. Malamar makaranta ko nas da ta yi ritaya takan kashe fanshonta kaf a kan maganin miji. Idan ya rasu, ta shiga takaba da gajiyar shekaru a jikinta, sannan a zo rabon gado babu mai tuna abin da ta kashe.

Idan aka auna, masu samun natsuwa a jinya galibi su ne waɗanda maganin wata bai fi ƙarfinsu ba, suke da wanda zai karɓe su ko da yini ɗaya a mako, kuma mutanen unguwa ba su manta da su ba. Na farkon yana wuyan gwamnati: a biya fansho da giratuti a kan lokaci, a bar 'yan fansho cikin inshorar lafiya har ƙarshen rayuwa, a riƙa bin marasa ƙarfi gida idan za a yi tantancewa, a kuma koya wa jami'an lafiya na matakin farko ziyartar masu shanyewar jiki a gidajensu. Sauran biyun kuwa namu ne. 'Ya'ya su raba kwanaki a tsakaninsu kamar yadda suke raba kuɗin magani, wanda ke nesa ya biya mai taimako amintacce. Kai kuma maƙwabci ko tsohon abokin aiki, idan ka je dubiya a wannan makon, kada ka tsaya a kan addu'a da ledar lemo. Ka ce wa mai jinya ya je ya kwanta, ko ya je ya ga likitansa, kai ko iyalinka za ku zauna da mara lafiya har la'asar.