Dogon ƙwan lantarki na bankwana: Darasin masu kiwon murjani ga mai saye a Garagumsa

Dogon farin ƙwan lantarkin nan da ya shafe shekaru yana haska shaguna, masallatai, asibitoci da ajujuwa a Nijar da Najeriya ya kusa zama tarihi. A taron da ƙasashen Yarjejeniyar Minamata suka kammala a birnin Janiba a watan Nuwamban 2023, an amince a daina ƙera shi, a daina shigo da shi ko fitar da shi: wani nau'in daga ƙarshen 2026, sauran kuma daga ƙarshen 2027. Ƙaramin ɗan'uwansa mai lanƙwasa, wanda aka yi yayinsa da sunan mai tsimin wuta, tun a taron Bali na 2022 aka yanke masa wa'adin 2025. Nijar da Najeriya duka suna cikin yarjejeniyar.

Labarin ya shafi kowa, amma ya fi shafar wurare irin su Garagumsa, gundumar karkara a jihar Damagaram wadda garin Takeita yake cibiyarta. A nan ne babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa birnin Damagaram ta haɗu da wadda ta nufi Matamaye da iyakar Najeriya. Kayan lantarkin da aka lodo daga kasuwannin Kano ta nan suke bi, masu kyau da na bogi. Kuma a irin wannan wuri, inda wuta ba ta wadata ba, ƙwai guda shi ke raba tsakanin telan da zai kammala ɗinkin salla da wanda zai rufe shago bayan magariba.

Me ya sa aka juya masa baya?

A cikin kowane dogon ƙwai, wanda mutanen Nijar suka fi sani da neyon, akwai ɗan tururin zaiba, sinadarin nan mai kama da narkakkiyar azurfa da masu haƙar zinare ke amfani da shi. Idan wuta ta ratsa tururin sai ya fitar da wani haske da ido ba ya gani. Farar hodar da aka shafe cikin gilashin da ita ce ke mayar da shi hasken da ake gani. Tun 1938 aka fara sayar da irin wannan ƙwai a Amurka, kuma a zamaninsa ci gaba ne babba, domin ya ninka tsohon ƙwai mai zare haske a kan wuta kaɗan.

Zaibar da ke cikin ƙwai ɗaya 'yan miligiram ce kawai, amma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda, kuma ta fi illa ga ƙananan yara da ɗan tayin da ke ciki. Sunan yarjejeniyar ma daga garin Minamata na Japan ya samo asali, inda a 1956 aka gano wata cuta da ta nakasa jama'a ta kuma kashe wasu, sakamakon cin kifin da zaibar wata masana'anta ta gurɓata. An ƙulla yarjejeniyar a 2013, ta fara aiki a 2017. Abin lura shi ne ƙasashen Afirka ne suka gabatar da buƙatar a hana waɗannan ƙwayaye, kuma daga cikin dalilansu har da gudun kada nahiyar ta zama jujin kayan da wasu suka daina saye. Tarayyar Turai ta riga ta hana shigar da sababbin dogayen ƙwayaye na haska ɗaki kasuwarta tun watan Agustan 2023.

Mutanen da suka fi kowa sanin halin ƙwai

Akwai wasu mutane da dogon ƙwai ya zame musu batun rai da mutuwa: masu kiwon murjani a tankin gilashi mai ruwan gishiri. 'Yan ci-ranin da ke Jidda ko Dubai sun san irin waɗannan tankuna, daga ƙananan da ake gani a otal-otal da gidajen masu hali har zuwa katafaren tankin Dubai Mall mai ɗaukar ruwa lita miliyan 10.

Bahaushe ya daɗe da sanin murjani a wuyan amarya. Jan murjanin da ake yin dutsen wuya da shi a Bahar Rum ake ciro shi, kuma yana cikin kayan da ayarin raƙuma suka riƙa ƙetaro Sahara da su, a zamanin da Damagaram ke zama babban zango tsakanin Tarabulus da Kano, musamman a mulkin Sarki Tanimun daga 1851 zuwa 1884. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne murjani halitta ce mai rai, dabba ce, ba dutse ba. Jan murjanin ado yana rayuwa a wurare masu duhu. Amma danginsa masu gina duwatsu a tekuna masu ɗumi, kamar Bahar Maliya, suna ɗauke da wasu ƙananan tsirrai dangin gansakuka a cikin jikinsu. Tsirran ne ke sarrafa haske su samar wa murjanin mafi yawan abincinsa. Haske ya ragu, abinci ya ragu.

Don haka mai kiwonsa a tanki ba ya sayen ƙwai da ka. Shekaru da dama abin da suka fi dogara da shi shi ne siririn ƙwai mai lamba T5, mai ƙarfin wat 24, 39, 54 ko 80 gwargwadon tsawon tankin. Sukan gauraya farare da shuɗaye, domin ruwan teku na shanye jan haske tun a 'yan mitocin farko, shuɗin ne ke kaiwa inda murjani yake. Sukan sa wa kowane ƙwai faranti mai sheƙi a bayansa don ya mayar da hasken ƙasa, su kunna na kimanin awa 8 zuwa 12 a rana, su riƙa goge gishirin da ke bushewa a jikin gilashin.

Babban darasin nasu shi ne ba sa jira ƙwai ya mutu. Yawancinsu na sauya shi bayan wata 9 zuwa 12, alhali yana ci kamar lafiyarsa ƙalau. Dalili kuwa shi ne hodar ciki na tsufa, hasken na raguwa, launinsa na sauyawa sannu a hankali, ta yadda idon mutum ke sabawa bai lura ba. Murjanin ne ke lura, sai ya fara dushewa. Ba sa kuma sauya ƙwayayen duka a rana ɗaya, don kada sabon haske mai ƙarfi ya gigita shi ya yi fari fat. A yau da yawansu sun koma ƙwan LED, wasu kuma na haɗa biyun.

Babu mai kiwon murjani a Garagumsa, kuma teku mafi kusa na da nisan ɗaruruwan kilomita. Sai dai idon tela, da na ɗalibin da ke bitar jarrabawa, da na ungozomar da ke karɓar haihuwa da dare, su ma da haske suke aiki. Ƙwan da ke ci ba lallai ne yana bayar da hasken da aka saye shi dominsa ba, ga shi kuma wutar da yake sha ba ta ragu ba.

Lissafin wuta

Alƙaluman Bankin Duniya na nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke samun lantarki a Nijar, a karkara kuwa abin bai kai haka ba. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa, har da layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Da aka katse wutar a farkon Agustan wannan shekara, a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS ko CEDEAO, wanda ba a ɗage ba sai a Fabrairun 2024, jama'a da dama suka ƙara karkata ga farantin sola da batir. Kuɗin sayen irin waɗannan kaya kuwa sau da yawa daga 'yan'uwan da ke Libiya, Aljeriya, Saudiyya ko Legas suke fitowa.

A nan ne zaɓen ƙwai ke zama lissafin kuɗi. Dogon ƙwai mai tsawon santimita 120, wanda ake kira T8, wat 36 yake sha, idan aka haɗa da cok ɗin da ke tayar da shi ya kai 40 ko fiye. Na LED mai tsawo ɗaya wat 16 zuwa 18 yake buƙata. A ɗauki batir mai bolt 12 da lamba 100Ah, irin wanda bai kamata a zuƙe fiye da rabinsa ba idan ana so ya yi ƙarko. Tsofaffin ƙwayaye huɗu za su cinye wannan rabin cikin ƙasa da awa 4. Na LED huɗu za su kai wajen awa 8. Wanda ya turo kuɗin batir daga ƙetare, aka bar tsofaffin ƙwayaye a gidan, rabin guminsa ya tafi a banza.

Ga kuma matsalar raunin wuta. Idan ta zo ba ƙarfi, dogon ƙwai ya yi ta ƙyaftawa ke nan bai kama ba, kuma kowace ƙyaftawa na rage masa kwana.

Abin da za a duba kafin a biya

Na farko, lumen. Wat na nuna wutar da ƙwai ke sha, lumen kuma hasken da yake bayarwa. Tsohon T8 sabo fil yana bayar da lumen 2,500 zuwa sama da 3,000, amma yana watsa shi ko'ina har da rufi. Na LED ƙasa yake fuskanta, shi ya sa mai lumen wajen 2,000 kan iya maye gurbinsa. Kwalin da ba a rubuta lumen a jikinsa ba, a bar wa mai shi kayansa.

Na biyu, launi, wanda ake rubutawa da harafin K. Mai 2700K zuwa 3000K ja-ja ne mai sanyaya ido, ya dace da ɗakin kwana. Mai 4000K zuwa 6500K fari ne, ya fi dacewa da shago, aji da wurin aiki. Masu murjani kan haura 10,000K, amma wannan shuɗin haske na tanki ne, ba na ɗaki ba. Mai sayar da atamfa da tela su ƙara duba lambar CRI ko Ra, wadda ke nuna yadda launin kaya ke fitowa a gaskiyarsa. Kada ta gaza 80.

Na uku, irin wutar gidan. Mai amfani da wutar NIGELEC ya nemi ƙwan da aka rubuta yana jure hawa da saukar wuta, misali daga bolt 85 ko 100 zuwa 265. Mai ƙaramin sola kuma ya nemi ƙwai mai bolt 12 wanda ake jonawa kai tsaye, ba sai an bi ta inbata ba, domin ita ma tana cin nata rabon.

Na huɗu, zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Damagaram kan haura digiri 40, a ƙarƙashin rufin kwano kuma ya fi haka. Zafi ne babban makashin LED, musamman 'yar na'urar da ke cikin gindinsa. Ƙwan da aka ɗaga aka ji shi sakayau kamar fanko, galibi ba shi da ƙarfen da zai kwashe masa zafi. A guji kulle shi cikin murfin da iska ba ta shiga. Araha ba ta ado: gara mai garanti, ko da na wata shida ne, a kuma karɓi rasit.

Na biyar, wajen sauyawa. Ba kowane dogon LED ne ake cusawa a tsohon gida haka nan ba. Wasu sai an cire sitata, wasu sai an tsallake cok ɗin gaba ɗaya. Wannan aikin mai gyaran wuta ne, bayan an kashe mita.

Wanda nasa bai mutu ba

Yarjejeniyar ba ta ce a cire ƙwan da ke aiki a jefar ba, ƙerawa da fatauci ta hana. Wanda ke da shi zai iya ci gaba da amfani da shi, tare da kulawa irin ta masu murjani. Ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan ƙwai na tare haske kamar yadda gishiri ke yi a tanki, don haka a kashe shi, a bari ya huce, a goge da busasshen tsumma. Baƙi a bakinsa biyu, ƙyaftawa da ƙugi alamu ne na ya gaji. Idan ya kai nan, kada a sake sayen irinsa, ko da an karya farashi. Kayan da duniya ke bankwana da su sukan yi arha a ƙarshe, kuma kasuwannin da ba a cika binciken kaya ba ne suka fi fuskantar kwararowarsu. Shi ma LED yana dushewa da tsufa, sai dai ya fi jinkiri.

Idan ya fashe

Wannan ne wurin da aka fi sakaci. Mataccen ƙwai kan ƙare a juji, inda yara ke ɗauka su yi takobi da shi ko su fasa don jin ƙarar. Shawarar da hukumar kare muhalli ta Amurka ke bayarwa mai sauƙi ce: a fitar da mutane da dabbobi daga ɗakin, a buɗe ƙofa da taga na minti 5 zuwa 10, a kwashe gilashin da hodar da kwali mai tauri, a bi ragowar da salatif ko jiƙaƙƙiyar takarda, a zuba duka a kwalba mai murfi a fitar waje, sannan a wanke hannu. Wanda bai fashe ba a mayar da shi kwalinsa a ajiye inda yara ba sa kaiwa. Kada a ƙona shi cikin shara, kada a jefa shi kusa da rijiya ko tabki.

Wa'adin 2027 na ƙaratowa, kuma aikin hana shigo da kayan na jami'an kwastan ne da hukumomin muhalli. Amma kafin doka ta iso kasuwar Takeita, mai saye ne ke yanke hukunci a gaban teburin mai kaya. Ɗan ci-ranin da zai turo kuɗin sola gida, ya haɗa da kuɗin ƙwayaye masu kyau, ya kuma ce a ɗauko masa hoton kwalin kafin a biya.