Lambun Furanni Mai Ɗorewa

A da, ana auna kyawun lambun furanni ne da yawan launuka da lafiyayyar ciyawa, ko da kuwa sai an riƙa ban ruwa kullum, ana sake shuka kowace shekara. Tsadar ruwa da sauyin yanayi sun sa masu tsara lambu sun sake tunani. Abin da ake yayi yanzu shi ne a zaɓi tsiron da ya dace da ƙasar wurin da kuma ruwan samansa, musamman irin wanda saiwarsa ke rayuwa shekara da shekaru, yana sake toho da kansa.

Misali, a 1992 Beth Chatto ta mayar da wani filin ajiye motoci a Essex ta Ingila lambun tsakuwa, wanda ba a yi masa ban ruwa. Haka nan Piet Oudolf, mutumin Holan, shi ya tsara shuke-shuken High Line, tsohuwar hanyar jirgin ƙasa a New York da aka buɗe a matsayin lambu a 2009. Yakan bar busassun karare a tsaye lokacin sanyi, domin su ma ado ne, kuma tsuntsaye na cin irinsu.

Ya kamata malami ya lura da wannan darasi. Lambun makarantar da ya dogara da bokitin ɗalibai yakan mutu a lokacin hutu. Lalle da ƙariya kuwa, da zarar sun kama ƙasa, suna jure rani.

Aiki: Kawo tsirrai biyar na yankinku masu jure fari, ka bayyana yadda za ka jera su a harabar makaranta.