Jirgin katako da yadi, daga filin Kano zuwa karan dawar Fakku

Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sama uku suka sauka a filin wasan dawaki na Kano, zamanin Sarki Usman, Muhammadu Tambari kuma yana Sarkin Musulmi a Sakkwato. Jiragen yaƙin Ingila ne samfurin DH.9A, masu fiffike hawa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso ranar 27 ga Oktoba, suka ratsa Sudan da Cadi suna yada zango. Duk mai son ƙera ɗan ƙaramin jirgin yaƙin dā a ƙasar nan, a ganina da wannan ya kamata ya fara, don shi ne ya taka ƙasarmu.

Kar sunan jirgin yaƙi ya ruɗe ka. Ƙashinsa katako ne, fiffikensa yadin lilin ne da aka ɗinke aka shafe da wani ruwan fenti mai ɗame yadi idan ya bushe, sai wayoyi da suka riƙe komai. A fentin ana zuba garin alminiyom don kada rana ta cinye yadin, shi ya sa jiragen wancan lokaci suke fari-fari kamar azurfa. Injin kuwa ɗan Amurka ne, sunansa Liberty, mai ƙarfin doki 400. Waɗanda aka tura ƙasashen zafi an ƙara musu lagireto a ƙarƙashin hanci, sau da yawa har da tayar safaya ɗaure a jikin jirgin, tunda in taya ta fashe a sahara ba bakanike.

Ba don ado aka ƙera shi ba. Da irinsa Ingila ta riƙa zuba wa ƙauyukan Iraƙi bama-bamai a shekarun 1920. Rasha kuma ta kwaikwaye shi ba tare da neman izini ba, ta sa masa suna R-1, ta ƙera fiye da 2,000.

Jagoran tafiyar Kano, Arthur Coningham, ƙarshensa abin al'ajabi ne. Ya kai babban muƙami a yaƙin duniya na biyu, ya fita lafiya, sannan ranar 30 ga Janairu 1948 jirgin fasinjan da yake ciki, Star Tiger, ya ɓace a teku kafin ya isa tsibirin Bamuda. Har yau ba a ga ko ɓallinsa ba. A ranar ce kuma aka harbe Gandhi a Indiya.

To, ƙananan fa? A Turai ana sayar da su a kwali: guntayen roba, takardar bayani da tambura, kai ne da gam da fenti. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne kashi 1 cikin 72, kuma da dalili: inci ɗaya a madadin ƙafa shida, wato tsawon dogon namiji. Fiffiken DH.9A mita 14 ne, a wannan ma'auni sai ya dawo kusan santimita 19. Kamfanin Frog na Ingila ya fara fitar da na roba a 1936. Airfix, wanda sunansa ya fi tashe, ba da jirgi ya fara ba, da ƙaramar tarakta ce samfurin Ferguson.

A 1942 rundunar ruwan Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa mata ƙananan jirage 500,000 a wannan ma'auni, a shafe su da baƙin fenti, don sojoji su koyi bambance jirgin gida da na abokan gaba daga nesa. Aikin hannun yara ya shiga yaƙi ke nan.

Wahalar jirgi mai fiffike biyu a wuri biyu take. Ta farko ɗora fiffiken sama: 'yan sanduna siriri ne suke ɗauke da shi, dole kowanne ya faɗa raminsa lokaci guda, gam bai bushe ba, hannu yana rawa. Ka saita na dama, na hagu ya zame. Masu wayo kan yanka kwali su yi masa madogara tukuna. Ta biyu wayoyi. A jirgin gaske suna da aiki, wasu na hana fiffike ɗagewa sama a iska, wasu na riƙe nauyinsa idan ya sauka. A ƙaramin kuwa zaren kamun kifi ake zurawa da matsefata, wani kuma ya gasa guntun robar da ta rage a wuta ya ja ta har ta zama zare. Akwai masu barin wayoyin gaba ɗaya su ce ai ba a gani. Ana gani.

A nan ne yaron Fakku, a ƙasar Kebbe, ya fi mai kwali sa'a. Da an yi girbi kara ya wadata, kuma mai iya motar kara ya riga ya san sirrin: a feƙe bayan karan a sami tsinke mai ƙarfi, a bar totuwarsa fara mai taushi, a riƙa soka wannan cikin wancan, ba gam ba ƙusa. Totuwar nan 'yar'uwar katakon balsa ce, wanda masu ƙera ƙananan jirage suke saye da tsada, yawancinsa daga Ekwado. Ƙwarangwal na tsinke da aka lulluɓe da takarda ya fi kama da yadda aka gina DH.9A na gaske fiye da roba da aka zuba a mazubi. Abin da yakan rasa ma'auni ne kawai. Da rula da lissafin raba 14 gida 72, an gama.

Manyan ma a akwati suka taɓa zuwa mana. Daga 1940 aka riƙa sauke jiragen yaƙi a wargaje a tashar Takoradi ta Gana, a haɗa su a can, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Masar. Dubbai ne suka wuce ta haka, kusan kan sawun tafiyar 1925.

Wani abin dariya: jiragen yaƙin duniya na farko irin su Sopwith Camel, injinsu gaba ɗaya yake juyawa tare da farfela, man zurma kuma ake zuba masa, yana fesa wa matuƙi a fuska. An daɗe ana ba da labarin abin da hakan yake yi wa cikin matuƙa. Wanda ya san zurma ba sai an yi masa bayani ba.

Peter Jackson, mai shirya finafinan Lord of the Rings, son waɗannan jirage ya sa ya kafa kamfanin Wingnut Wings a Niyu Zilan. Sun fitar da DH.9A a ma'aunin 1 cikin 32, kamfanin ya rufe a 2020, kwalayen da suka rage suka yi tsada.

Na gaske guda yana gidan tarihin sojan saman Ingila a Landan. Jamusawa suka kama shi a 1918, aka baje shi a Balin, yaƙi ya kai shi Folan, sai a 1977 aka fanso shi da jirgin Spitfire. Yayansa DH.9 kuwa, a garken giwayen fadar Bikaner ta Indiya aka tsinci ragowar wasu, an gyara ɗaya yana Duxford a Ingila.