Wa Ya Kamata Ya Yi Wane Aiki?

Duk sa'ad da za mu raba aiki, a gida ne ko a shago ko a kwamitin masallaci, tambayar da ke fara zuwa bakinmu ita ce: wa ya fi iyawa? Ita kaɗai ba ta isa ba. Akwai ta biyu, wadda ta fi nauyi: idan wane ya kama wannan aiki, wane aiki ne zai kwanta?

Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa. Wunin da mutum ya kashe a kan wani aiki, ya hana shi ga wani aikin ke nan. Wannan abin da aka bari shi ne tsadar aiki ta gaskiya, ko da ba a biya ko dala ba.

Malaman tarihi sun ruwaito cewa da aka yi wa Sayyidina Abubakar (RA) mubaya'a a shekara ta 11 bayan Hijira, sai ya ɗauki tufafi ya nufi kasuwa kamar yadda ya saba. Sayyidina Umar da Abu Ubaida (RA) suka tare shi, aka yanka masa abin da zai ciyar da iyalinsa daga baitulmali. Ba don bai iya fatauci ba, ai gogaggen ɗan kasuwa ne. Sai dai tufafi kowa na iya sayarwa, amma wunin halifa a kasuwa, al'amuran Musulmi ne za su tsaya.

Bari mu buga misali da lissafi. A ce tela ne da yaronsa, saura kwana 15 Sallah. Maigida yana ɗinka riga 4 a wuni, ko wando 8. Yaro kuwa riga 1, ko wando 4. Kun ga ta ko'ina maigida ya fi shi.

Idan kowa zai ɗinka riga da wandonta shi kaɗai, maigida zai gama kaya 8 a kwana 3, wato 40 a kwana 15. Yaro zai gama 4 a kwana 5, wato 12. Jimla 52. To, in maigida ya tsaya kan riga kawai, yaro ya tsaya kan wando, kullum za a fitar da riga 4 da wando 4. A kwana 15 an sami 60. Mutum 8 ne suka ƙaru da kayan Sallah, ba a sayi sabon keke ba, ba a kwana a shago ba.

Ina sirrin yake? Duk wandon da maigida ya ɗinka, an yi asarar rabin riga. Wanda yaro ya ɗinka kuwa, rubu'in riga kawai aka rasa. Saboda haka wando ya fi araha a hannun yaro, duk da maigida ya ninka shi sauri. Wani masanin tattalin arziki ɗan Ingila, Dabid Rikado, ya bayyana wannan ka'ida a littafinsa na 1817. Ya yi misali da Ingila da Fotugal, ya nuna ko da ƙasa ɗaya ta fi ɗayar iya sarrafa kaya iri biyu, duka za su ci riba in kowacce ta riƙe wanda asararta ta fi ƙanƙanta a kansa, sannan su yi musaya.

Yanzu mu dubi kanmu. Sau da yawa malamin da ke karantar da yara, shi ne mai rubuta kuɗin taimako, shi ne mai zuwa cinikin siminti, wai don ya fi kowa iya lissafi da ciniki. Gaskiya ne ya fi. Amma ranar da ya tafi kasuwa, wa ya biya wa yara karatu? Ga matasa nan zaune bayan La'asar, an hana su aikin don ba su kai shi ba. Ko matashi ya sayo simintin da ɗan tsada, wannan asara ba ta kai ta darasin da aka rasa ba.

Sai dai a kiyaye abu biyu. Na farko, lissafin nan ba ya shafe sharaɗi: ajiyar kuɗin jama'a sai mai amana, limanci da fatawa sai mai ilimi. Na biyu, kada a bar yaro kan wando har abada. In Sallah ta wuce, a koya masa riga, don gobe shi ma maigida ne.

A zama na gaba, kafin mu ce "a ba Malam, ya fi iyawa", mu fara tambaya: in ya karɓa, me zai ajiye? Allah Ya sa mu dace, amin.