Kwan fitila na LED a hanyar Malanville: a duba kafin a ɗaura

Daga Malanville zuwa Kwatano tafiya ce ta sama da kilomita 700 a kan babbar hanyar RNIE 2, ka ratsa Kandi, ka ratsa Parakou. Mu 'yan kasuwar da ke zaune a wannan gari na bakin kogin Kwara, daura da Gaya, yawancin tafiyarmu ta dare ce. A gama lodin albasa ko shinkafa da la'asar, a kama hanya bayan isha'i don gudun zafin rana. Da ka fita gari kuwa babu fitilun titi. Ga shanu na tsallaka kwalta, ga amalanke, ga babur marar fitilar baya, ga tirelar da ta lalace aka jera mata ganye a matsayin alama.

Shi ya sa kwan fitila na LED ya samu kasuwa a wajenmu. Na daɗe ina bin hanyar nan da motata, na kuma zauna da masu wayarin na tambayi abin da ya shige mini duhu. Abin da na fahimta shi ne, LED na da amfani, amma in bai zauna daidai a gidan fitila ba, ka sayi haɗari ne da kuɗinka.

Mu fara da alherinsa. Tsohon kwai na halojin samfurin H4 yana cin wat 60 a babbar fitila, wadda direbobin Najeriya ke kira ful, na nan kuma su ce far. A ƙaramar fitila, wato dim ko kod, yana cin wat 55. Kwan LED yakan ci wajen rabin haka, don haka batir da janaretan mota na samun sauƙi. Haskensa fari ne, kuma ba shi da siririyar wayar nan da ke tsinkewa in mota ta faɗa rami.

To ina matsalar? Madubin da ke cikin gidan fitila an ƙera shi ne a kan wannan siririyar wayar, wadda ke zaune a wuri ɗaya tak. Daga nan yake tattara haske ya kwantar da shi a kan kwalta. In ƙwayoyin hasken LED suka kauce daga wurin ko da kaɗan, haske sai ya watse sama da gefe. Kai da ke ciki ka ga gabanka ya yi fari fat, ka ce ai an gyara. Alhali can nesa, inda kake bukatar gani, duhu ne, kuma mai tahowa ka kashe masa ido.

A yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. In fitilarka ta makantar da direban tirela na daƙiƙa 2 kacal, ya yi mita 50 bai ga komai ba, kuma wajenka ya nufo. Wannan ne ya sa a Ingila, tun 2021, mota ba ta cin gwajin lafiya in an cusa kwan LED a gidan halojin. Jamus kuwa a 2020 ta fara amincewa da wani kwan kamfanin Osram, shi ma ga motocin da aka gwada kawai. A nan Benin hukumar CNSR ce ke yin bizit, kuma fitila na cikin abin da ake dubawa.

Ga abin da nake gaya wa duk ɗan'uwan da ya tambaye ni.

Kafin ka sayi komai, dubi murfin fitilar. Yawancin motocinmu 'yan Kwatano ne, robar fitilarsu ta yi rawaya saboda rana. A goge ta tukuna, a duba wayoyi. Sau da yawa nan ciwon yake.

In za ka saya, cire tsohon kwan ka tafi da shi. Lambar ta zo ɗaya: H4 da H4, H7 da H7. Jera su ka ga ko ƙwayoyin hasken sun yi daidai da inda wayar tsohon take. Ƙaramar mota bolt 12 ce, manyan motoci kuwa 24, sai a karanta kwali. Kada lambobin da ake bugawa manya-manya su ruɗe ka. Halojin H7 lumen 1,500 yake bayarwa, don haka kwalin da ya yi maka alƙawarin dubu ashirin, cika baki ne.

Ka lura da fankar da ke bayan kwan. LED ba ya son zafi, ƙurar yankinmu kuma na toshe fanka, daga nan haske ya dusashe. Kada mai gyara ya jefar da murfin robar baya wai don kwan ya ƙi shiga. Ƙura da ruwa za su ci madubin. Masu babur su ma su tambaya, domin wasu baburan kai tsaye daga inji fitilarsu ke shan wuta, kwan da bai dace ba sai ya riƙa ƙiftawa ko ya ƙone.

Sai babban aikin, wato saiti. Da daddare ka tsayar da mota a wuri mai lebur, mita 10 daga bango, ka kunna dim. Ya kamata ka ga layi a fili, ƙasa haske, sama duhu, kuma layin ya sauka ƙasa da tsayin fitilar da kamar santimita 10. In babu layi, haske ya bazu kamar an watsa ruwa, cire kwan ka mayar wa mai shi. A sake gwadawa da kaya a mota, domin buhuna na danne baya, hanci ya ɗaga, haske ya koma idon mutane.

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo na mayar da hasken ful cikin idonka. Kwan da farinsa ya yi shuɗi-shuɗi, mai lamba 6,000K zuwa sama, ya fi gajiyar da ido. Ni na fi son mai 4,300K zuwa 5,000K. A hazo dai dim ce abokiyar tafiya, sai rage gudu.

Uwargida, ke ma kina da ta cewa. In maigida ya dawo yana yabon sabuwar fitila, tambaye shi ko direbobin da yake haɗuwa da su na yi masa walƙiya alhali yana kan dim. In suna yi, ya koma wajen mai wayarin kafin tafiya ta gaba. Mai tahowan nan shi ma yana da iyali da ke jiran sa a gida.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.